Jinyar Ummi da Lissafin Ɗaya Cikin Huɗu

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake gode wa da Ya bar mini Ummi. Na rubuta wannan ne saboda iyayen da likita zai duba ya ce musu "ɗaya cikin huɗu", su koma gida su fassara maganar yadda ransu yake so, kamar yadda muka yi.

Sunana Binta. A Limancin Kona aka haife ni, aure ya kai ni Ƙofar Jatau, gidan Goggo, ƙanwar mahaifina. Ɗanta na aura, Malam Isuhu, mai ɗinkin manyan riguna, kuma mu muka ga juna muka ce muna so. Ina koyarwa a wata firamare a cikin birni, aji biyar, har da lissafi. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka rashin karatu ne ya jawo abin da zan ba da labari.

Ɗanmu na fari, Nura, yana da wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko zani ya taɓa shi sai ya ƙwalla ƙara. A babban asibiti aka ɗebi jininsa da namu, aka ce sikila ce. Shi SS, ni da Malam kowannenmu AS, wato muna ɗauke da abin amma ba ya kwantar da mu. Likitan ya ce a aure irin namu, rabon ciwon ɗaya ne cikin huɗu. Nura bai cika shekara uku ba ya koma.

Ranar sadakar bakwai, Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, akawu ne a ofishin gwamnati kuma a Tukur-Tukur yake zaune, ya kira ni gefe.

"Binta, share hawayenki. Me likita ya ce? Ɗaya cikin huɗu. To, ɗayan ya zo ya wuce. Uku masu zuwa lafiyayyu ne, da yardar Allah. Ke da kike koyar da lissafi ai ba sai an faɗa miki ba."

Na karɓi maganar nan hannu biyu. Ban auna ta ba, don ba na son in auna ta. Da na haifi Sa'adatu ta tashi garau, sai na ƙara sakankancewa. Bayanta na haifi Ummi. Tana da wata takwas na ga yatsunta sun yi suntum. Gwaji ya nuna SS.

Daga ranar na yanke hukunci a raina cewa likitoci ba su san abin da suke faɗa ba. Sun ce ɗaya, ga biyu cikin uku. Wanda ya yi kuskure a wannan, me zai sa in yarda da sauran maganarsa? Sai na fara wasa da ranar asibiti. Ƙwayar rigakafin zazzaɓi da aka ce ta sha kullum, in ta ƙare sai in bari sai na samu sarari. Gidan sauro ya yage, na ce gobe, goben ta zama wata uku. Na ɗauka ciwon yana tashi ne lokacin da ya ga dama, ba ruwansa da abin da na yi ko na bari.

Haka muka lallaɓa har Ummi ta shekara huɗu. A tsakiyar daminar wannan shekarar, farkon shekarun casa'in, abin ya zo da gaske.

Makon farko da zazzaɓi ya fara. Na sayo magani a kemis, ya sauka, ya dawo. A kwana na uku ta daina taka ƙafa, tana cewa, "Mama, ana sara mini ƙashi." Goggo ta dafa sassaƙe, maƙwabta suka kawo man shafawa kala-kala, wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a gwiwa. Ranar ta biyar na buɗe idonta na ga ya yi ruwan ɗorawa, tafin hannunta fari fat kamar an wanke. Na goya ta, Malam ya tare mana tasi.

Mun isa asibiti da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, layin awo daban, ga yarinya tana miƙewa a bayana tana ihu. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga ta ce, "Ke mai yarinyar nan, ki sa ta yi shiru, raki ne kawai."

Na ce, "Fito ki taɓa ƙafarta ki ji rakin."

Ta ce in ban iya magana ba in koma ƙarshen layi. Na ce ba inda zan koma, kuma ban koma ba. Wata Sista dattijuwa da ke wucewa ta tsaya, ta janye fatar idon Ummi, ta kama hannuna ta wuce da ni gaban kowa. Har yau ban san sunanta na yanka ba, Sista kawai muke ce mata, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Aka ba mu gado a ɗakin yara, mu biyu da wata mata daga ƙauye mai jinyar ɗanta, kai da ƙafa. Ruwan ƙari, allura, auduga, har safar hannu, duk a takarda ake rubuto mana Malam ya fita waje ya sayo. Rigar da yake ɗinka wa wani Alhaji tana nan a ninke a jakarsa, allura a soke, bai ƙara ko zare ɗaya ba har muka bar asibitin.

A mako na biyu aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, a kawo wanda zai bayar. Ƙanena Garba ya zo da gudu yana naɗe hannun riga. Aka gwada shi, mai gwajin ya ce nasa ba zai yi wa mai sikila ba, shi ma AS ne. Garba ya yi dariya ya ce shi da bai taɓa kwanciya asibiti ba. Wanda ya ba da jinin a ƙarshe Malam Tanimu ne, abokin ɗinkin Malam, mutumin wani ƙauye a bayan ganuwa, wanda ba mu haɗa komai da shi ba sai zaman rumfa. Da na je yi masa godiya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malama, ai 'yata ce." Ya sha lemo ɗaya ya hau kekensa ya tafi.

Da jinin ya shiga, leɓenta ya fara yin ja, sai bakina ya buɗe. Likitan ɗakin, wani siriri mai tabarau, ya zo zagaye ya tambaye ni me ya sa katinmu ya nuna wata tara ba mu zo ba.

Na ce, "Saboda lissafinku ƙarya ne. Kun ce ɗaya cikin huɗu. Na binne ɗaya. Wannan ta biyun daga ina ta fito?"

Na zaci zai yi fushi. Sai ya jawo kujera ya zauna.

"Malama, wa ya ce miki in an samu ɗaya an gama?"

"Haka lissafin ya nuna."

"A'a. Ciki ba ya sanin labarin cikin da ya riga shi. Kowane ciki sabon lissafi ne, ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na goma. Akwai masu irin aurenku da suka haifi shida ba mai ciwo ko ɗaya. Akwai waɗanda suka jera uku."

Ya ciro kwabo daga aljihu ya ce in ya jefa ya faɗi ta fuska ɗaya sau biyu, shin kwabon ya san ana binsa ɗaya fuskar? Kunya ta rufe ni. Na san wannan. Na taɓa tsayawa gaban allo na faɗa wa yara kusan haka. Ban dai taɓa kawo shi cikin ɗakina ba.

Sannan ya ce, "Ga wanda kuma yake da haɗi, kika ɗauka ba shi da shi. Zauna ki tuno duk lokacin da ciwon ya tashi mata. Ki tuno abin da ya faru kwana biyu ko uku kafin nan."

Mako na uku da na huɗu a kan wannan na yi su, ina zaune a gefen gado ina mata fifita. Na tuno tashi tara. Biyar zazzaɓi ne ya riga su. Biyu ruwan sama ne ya dake ta a hanyar makarantar allo. Ɗaya ranar bikin wata 'yar'uwa ce, ta wuni a rana ba wanda ya tuna ya ba ta ruwa. Ɗaya ne kawai na rasa dalilinsa. Na faɗa wa likitan, ya ce to kin gani. A ranar da take lafiya, ba wanda zai ce miki gobe zai tashi. Amma in an ce miki yau tana da zazzaɓi, tambayar ta canja, amsar ma ta canja, kuma ranar ce za ki kawo ta, ba ranar ta biyar ba.

Wannan magana ta fi ta farko yi mini ciwo. Abin da ba shi da haɗi na ƙulla, abin da yake da haɗi na raba. Na fita bayan ɗakin wajen famfo na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Ban tsaya dogon zargin kai ba, don akwai yarinya a gado tana jiran a juya ta.

Mako na biyar ya fi kowanne tsanani. Ciwon ya koma ƙirji, numfashi ya zama da ƙyar, aka sa mata robar iska a hanci. Yaron da muke gado ɗaya da shi aka sallame shi, uwarsa ta bar mini 'yar ƙwaryar gero ta ce in dama wa Ummi kunu in ta tashi. "In ta tashi" ɗin nan na riƙe.

A makon ne Goggo ta zo da mata biyu na unguwa. Ta tsaya a kan Ummi ta daɗe, sannan ta ce, "Binta, ki zo mu tafi da ita gida. Wannan ba na asibiti ba ne. Wabi ne. Wancan yaron ne ya dawo, kuma duk wanda za ki haifa haka zai riƙa zuwa yana komawa. A bar ta ta cika a ɗakin ubanta."

Na ce, "Goggo, Sa'adatu fa? Ita wace ce ta dawo?"

Ta ce, "Ni kike mayar wa magana?"

"Ki yafe ni, Goggo. Amma ba mai cire robar nan sai likita."

Ɗaya daga cikin matan ta ce boko ya ɓata ni, ina jayayya da ƙaddara. Na ce mata ƙaddara na yarda da ita tun ranar da aka fita da ɗana a tabarma, kuma in Allah Ya karɓi Ummi a gadon nan zan ce alhamdu lillahi. Amma ba zan ɗauke ta daga inda iska take in kai ta inda babu ba. Suka juya ga Malam. Mutum ne da bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba a gabana. Ya dubi ƙasa ya ce, "Inna, a bar ta a nan." Goggo ta ja mayafinta ta fita.

Kwana huɗu bayan haka Ummi ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai. Sista ta yi dariya har da tafa hannu, ta aika aka sayo mata da kuɗinta.

Ranar Juma'ar mako na shida na bar Malam a wajen Ummi na je gida in yi wanka in ga Sa'adatu. Na tarar da tsakar gida cike. Kawu Sale ya zo, Garba yana nan, ga Goggo, ga autarta Lantana, ƙanwar Malam uwa ɗaya uba ɗaya. An daɗe da sanin Garba da Lantana suna son juna, kuma ranar ake maganar sa rana bayan kaka. Ga faranti cike da goro, fari da ja.

Na gaisa da kowa, na zauna. Kawu ya ce, "To Binta, an auna arziki. Yanzu kuma ai biyu sun fita, sauran..."

Na ce, "Kawu, don Allah ara mini farantin nan."

Na ɗauki goro huɗu, uku farare ɗaya ja, na zuba a kwano na rufe da gefen mayafina. Na ce ya ɗauki ɗaya ya ajiye a gefe. Na ce, "In jan ka ɗauka, me ya rage?"

"Farare uku."

"Wannan shi ne lissafinka, Kawu, kuma daidai ne in goron da aka ɗauka ba ya komawa. Na biyu ya dogara da na farko. Amma haihuwa ba haka take ba."

Na sake ɗaukar kwano biyu. Kowanne na sa fari ɗaya ja ɗaya. Na ce wannan ni ce, wannan Malam. Kowane yaro yana ɗaukar ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ido a rufe. Fari da fari, lafiya. Fari da ja, ko ja da fari, irinmu. Ja da ja, Ummi. Hanya huɗu ke nan, ɗaya ce mai ciwon.

"To Kawu, da Nura ya ɗauki ja a wajena, jan ya fita daga jikina?"

Ya sa hannu ya ɗauka, ya mayar, ya sake ɗauka, ya mayar. Ya yi haka ya fi sau goma, kowa yana kallonsa. Sau biyu a jere ja da ja suka fito masa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Kwanon ba ya raguwa," ya ce a hankali. "Innalillahi. Binta, ni na faɗa miki maganar nan ranar bakwai."

"Ni kuma na karɓa, Kawu, alhali na fi ka sanin allo."

Da a nan na tsaya da an rabu lafiya. Amma na dubi Garba na ce ya faɗa musu abin da aka gaya masa a wajen ba da jini. Ya ce ai wannan ba komai ba ne, shi lafiyarsa ƙalau, kuma abin da ya samu gidan Yaya ba dole ya samu nasa ba, kowa da rabonsa.

Na ce, "Da bare za ka aura, da sai in ce a gwada kawai don a sani. Amma Lantana ba bare ba ce. Yayanta yana ɗauke da shi, ke nan ɗaya daga cikin iyayensu yana da shi. Kwanon da Malam ya ɗiba, shi ta ɗiba."

Kawu ne ya ƙarasa, yana ƙirgawa da yatsu. "Rabi da rabi ke nan a kanta. In ba ta da shi, ba abin tsoro ko kaɗan. In tana da shi, sun zama ku."

Goggo ta miƙe tsaye. "Wato ni ce na sa wa jikokina ciwo? A gidana za ki zauna ki faɗa mini haka?"

"Ba wanda ya sa wa wani, Goggo. Ni ma ban san ina da shi ba, kuma wataƙila daga gida ɗaya muka ɗauko. Abin da nake roƙo kawai a gwada ta kafin a sa rana."

"Ba za a gwada ba. Ki kashe naki auren in kina so, ki bar na 'yata."

Na ce, "Ni ba zan hana kowa aure ba. Amma duk wanda ya tambaye ni, abin da na faɗa yanzu shi zan faɗa masa, ko a gaban waliyyai ne." Na mayar da goron faranti na tafi wanka.

A mako na bakwai aka sallame mu. Ummi ta fito tana takawa da kanta, ƙafafun kamar sillan kara, tana riƙe da yatsan babanta. Muna tattara kwanuka sai ga Lantana a ƙofar ɗakin, ita kaɗai, ta ce wa Goggo za ta kai mana abinci. Ta tsaya tana kallon yaran da ke kan gadajen, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Yaya Binta, ina ne wajen gwajin?"

Na raka ta. Bayan kwana uku takarda ta fito, AS.

Ita ta faɗa wa Garba da bakinta, kuma ita ta ce ta fasa. Na san abin da hakan ya ci mata, don na ji kukanta ta katanga kwana da kwanaki. Unguwa ta ɗauka cewa ni na raba su. A gidan suna in na shiga sai hira ta tsaya. Goggo ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Garba kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidana, Sallah biyu bai zo ba. Na ji zafin wannan ƙwarai, shi na goya yana ƙarami. Amma ko sau ɗaya ban je na ba da haƙuri a kan abin da na faɗa ba, kuma da za a mayar da ni tsakar gidan nan, zan sake neman farantin.

Na kai Sa'adatu ita ma aka gwada. Kafin sakamako ya fito na riga na yi lissafina: tunda ba ta da ciwon, hanya ɗaya ta fita, saura uku, biyu daga ciki masu ɗauke da shi ne. Ta fito AS. Na ajiye takardarta tare da ta haihuwarta, kuma za ta san abin da ke ciki tun kafin wani ya yi sallama a ƙofar gida saboda ita.

Ummi yanzu tana aji ɗaya. Ciwon bai bar ta ba, ba kuma zai bar ta ba, amma tazarar ta yi nisa. Ƙwayarta ba ta yankewa, gidan sauronta ba huda, gorar ruwa na cikin jakarta, kuma duk malamin da ya tsayar da ita a rana ya san zai gan ni. In jikinta ya yi ɗumi da safe, kafin azahar muna asibiti. Lantana ta yi aure a Tukur-Tukur, mijinta AA, wato ba ya ɗauke da abin sam, ita ta sa shi ya gwada. Goggo ce ke yi wa Ummi ƙosai yanzu, ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Ga mai karatu, roƙona kaɗan ne. In likita ya ba ka lamba, kada ka fita sai ka tambaye shi: wannan a kan kowane ciki ne, ko a kan duka? In an ce abu kaza ba ruwansa da abu kaza, zauna ka tuno da kanka. Kuma a gwada jini tun magana ba ta yi nisa ba, musamman in 'yan gida ɗaya ne.

Watan jiya, ina shanya a tsakar gida, na ji sallamar da na shekara biyu ban ji ba. Garba ne. Ya rame kaɗan, ya tara gemu. Bai zauna ba, bai kuma tambayi lafiyata ba. Ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun gaba ya miƙo mini. Sunan wata yarinya ne a sama, 'yar Limancin Kona, na san gidansu.

"Duba mini, Yaya," ya ce. "Ban kai maganar gida ba tukuna."

Na goge hannuna a zani na buɗe. AA.

Na ce, "Shiga ka zauna, in zubo maka abinci."